Abin da Ya Sa Kaza Ke Kwanciya a Kan Ƙwan Zabo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Iya!

Zabuwa ce da maƙwabciyarta Kaza, danga ɗaya ta raba su. Mijin Zabuwa tarko ya tafi da shi, ya bar ta da 'yan tsaki uku da ƙwai ɗaya da ya ƙi fashewa. Ba a jima ba ita ma ciwo ya kwantar da ita. Kaza ce mai kai mata ruwa, ita ce mai yi wa yaran tono.

Da Kaza ta ga jikin ya ƙi, sai ta ce, "Ƙawata, ki kira dattawa ki faɗi wanda zai riƙe yaran nan."

Zabuwa ta ce, "Ke ce mana. Wa nake da shi da ya fi ki?"

"To, ki faɗa kowa ya ji."

"Haba! In tara jama'a sai ka ce ina kiran mutuwa? Dangi kuma su ce na fifita bare? Ni da ke mun sani, ya isa."

Kaza ta koma gidanta.

Sai ga Shirwa, gwaggon yaran, ta zo dubiya. Bakinta yana sannu, idonta yana kan 'yan tsaki.

"Matar yaya, in ta Allah ta kasance, wa za ki bar wa yaran?"

Zabuwa akwai kunya, kunyar da ba ta tsinana komai. Ta ce, "Ai naki ne."

Kaza ta leƙo ta danga. "Me na ji kin ce?"

"Kara ce kawai, bai kai zuci ba."

Shaho baffan yaran ya zo, ya yi tambayar. Ta ce, "Ai naka ne." Kaza ta leƙo. Zabuwa ta ce kara ce.

Hankaka kawunsu ya zo da farin ƙirjinsa kamar mutumin kirki. Shi ma ta ce, "Ai naka ne."

Wannan karon Kaza kuka ta fashe da shi. Zabuwa ta ce, "Yi haƙuri, gobe zan kira dattawan."

Goben ba ta same ta ba.

Bayan zaman makoki aka je gaban alƙali Gauraka. Shirwa ta ce ita aka bar wa. Shaho ya ce ƙarya ne, shi ne. Hankaka ya rantse har da dafa ƙirji. Kaza ta ce, "Allah ya gafarta malam, ni ta fara faɗa wa, kuma ni take nufi."

Gauraka ya ce, "Wa ya ji?"

Babu.

Ya ce, "Maganar ɗaki ba ta zama wasiyya sai da shaida. Tun da haka ne, jini za a bi. Yara uku, dangi uku."

Aka raba su kamar ƙosai. Ƙaramin ya ruga ya shige ƙarƙashin fiffiken Kaza, yana kiranta inna. Shirwa ta fizge shi ta yi sama. Daga ranar ba a sake ganin ko ɗayansu ba, sai 'yan gashi a gindin rimi. Wallahi ni ma in na zo nan sai zuciyata ta karye.

Kaza ta shiga ɗakin marigayiya. An kwashe komai, sai ƙwan nan da kowa ya raina. Ta mirgina shi zuwa akurkinta, ta kwanta a kai, ba ci ba sha, har ya fashe.

Shi ya sa har yau kaza ke ƙyanƙyashe ƙwan zabo, ta riƙe shi kamar nata. Shi ya sa in inuwar shirwa ta gifta take kururuwa. Shi ya sa kuma zabo ba ya magana a ɓoye, duk abin da zai faɗa sai unguwa ta ji.

Mai 'ya'ya ƙanana ya faɗi wanda zai riƙe su tun yana da baki, kuma ya faɗa a gaban mutane.

Ƙurunƙus, kan ɗan tsakon da ya rage.