Kiran Kaji da Haƙorin Hamdiyya

Masu riƙe da labarai sun ce, a garin Kwarin Tsamiya an yi wani hakimi mai suna Mamuda, wanda ba ya son a ja masa magana. Yana da jika ƙarama, Hamdiyya, wadda yake kira amaryarsa, irin wasan kaka da jika. Haƙorinta ya ruɓe, kunci ya kumbura. Da safe ya ce mata ta shirya su je sayen ɗan kunne, sai ya wuce da ita asibitin haƙori.

Tana jin warin magani ta shige ƙarƙashin tebur, ta datse baki.

Likita Zulaihatu ta ce, "Ranka ya daɗe, kumburin ya fara gangarowa wuya. In ba a fitar da mugunyar yau ba, ina tsoron numfashinta."

Hakimi ya ce wa dogarai, "Ku jawo ta, ku danne."

Jakadiya Tasalla, tsohuwar da ta goye shi yana jariri, ta sha gabansu. "Allah ya ja zamaninka, kafin su taɓa ta, ka ji abin da ya sami ɗan Sallau tela."

"Yanzu ne lokacin labari, Inna?"

"Gajere ne."

Ta ce: Sallau yana da ɗa, Ayuba. Duk laifin da yaron ya yi, maganar uban guda ce, zan kai ka wurin likita ya yi maka allura. Da haƙori ya dami Ayuba, aka ce masa za a je kallon dambe, sai aka wuce da shi asibiti. Ƙarti suka danne shi, aka cire haƙorin yana ihu. Sallau ya yi dariya, ya ce ai an gama. Tsohon likitan yana wanke hannu ya ce, "Malam Sallau, bari in gaya maka labarin Dije mai kaji.

"Dije ba ta kiran kajinta da tsaba sai ranar da za ta kama na yanka. Kaji suka gane. Wata rana ta hango shaho yana shawagi, ta watsa gero a bakin akurki, tana kira iya ƙarfinta. Suna jin muryarta suka ruga fili, inda shahon yake jira. Malam Sallau, yau ka sami haƙori, amma ka koya wa ɗanka gudun kiranka."

Sallau bai ɗauki maganar da muhimmanci ba. Da damina ƙusa mai tsatsa ta soki Ayuba a tafin ƙafa. Ya ɗaure da tsumma, ya yi shiru, don ya san inda za a kai shi. Sai da wari ya tona shi, ƙafar ta riga ta lalace. Yanzu babban mutum ne, da sanda yake tafiya.

Jakadiya ta dubi ƙarƙashin tebur. "Yarinyar nan kai kaɗai take gaya wa inda ke mata ciwo. Ka danne ta yau, gobe wa za ta gaya wa?"

Ana jin numfashin yarinyar, sama-sama. Hakimi ya yi wa dogarai nuni suka fita, ya tattare babbar riga, ya durƙusa da ƙyar.

"Amarya, babu ɗan kunne a nan. Ƙarya na yi miki."

Ta ce ta tsakanin haƙora, "Da allura?"

Ya dubi likita. Likita ta ce, "Akwai. Za ki ji kamar cizon cinnaka, sannan wurin ya mutu. In kin ɗaga hannu, zan tsaya."

Hamdiyya ta nuna kakanta. "Shi ya fara hawa."

Hakimi ya hau kujerar, ya wangame baki a ƙarƙashin fitila. Hamdiyya ta fito ta leƙa. "Tsoho, naka sun fi nawa lalacewa. Duk goro ne."

Ya sauka, ta hau. Likita ba ta kai ga taɓa ta ba, Hamdiyya ta ɗaga hannu. Likita ta janye, ta ajiye abin da ke hannunta, ta jira. Gumi ya keto wa hakimi ta ƙarƙashin rawani. Yarinyar ta dubi likita, ta dubi kakanta, sannan ta sauke hannun a kan nasa, ta buɗe baki.

Bai juyo ba ya ce, "Na ji, Inna. Ki gaya wa mutanen gida, daga yau kada wanda ya ƙara tsorata yaro da likita."