Shekarar da Teku Ya Yi Zazzaɓi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, mun kasa kunne.

Kurege sarkin gaggawa, yana ganin Shamuwa ta sauka, sai ya kwashe irin geronsa kakaf ya shuka. Kwana goma, ko yayyafi babu.

Ya ruga wurinta hankali tashe. "Yaya Shamuwa, ina ruwan da kika kawo?"

Ta ce, "Teku ke aiko ruwa, ni 'yar rakiya ce. Bana kuwa zazzaɓi yake yi. Can ƙarshen duniya zafinsa na narkar da ƙanƙara, gidaje na nutsewa. Mu na nesa kuma, ya kasa turo mana hadari."

Kurege ya ce, "To, yaushe zai warke?"

"Ƙanena, ni ma ban fara gina sheƙa ba."

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya shige rami.