Kwalbatin Rafin Ɗinya da Ƙafar Goggo Tabawa

Ku gyara zama ku ji abin da ya faru a garinmu, in na gama hukunci naku ne.

Hanyar da ta haɗa Rafin Ɗinya da bakin titi ta lalace, zaizaya ta cinye gefenta, kwalbatin tsakiya ya rufta. Da aka gaji da jiran hukuma, gari ya yi karo-karo, wani hatsi, wata akuya. Aka damƙa aikin ga mutum uku 'yan gari.

Sambo, shugaban ƙungiyar ci-gaban gari, shi ya riƙe kuɗin. Ya yi bikin ƙaddamar da aiki, rumfa da lasifika da shinkafar manyan baƙi, sai da bikin ya ci kusan rabin kuɗin.

Haladu magini ya ga abin da ya rage ba zai isa ba, amma bai buɗe baki ba, don kada aikin ya kuɓuce masa. Ya rage siminti, ya ƙara yashi.

Ɗantani direba kuwa an roƙe shi ya jira sati biyu ginin ya bushe. Bayan kwana huɗu kacal ya bi ta kai da tifa cike da dutse. Ruwan farko ya tafi da kwalbatin.

Cikin damina maciji ya sari Goggo Tabawa, tsohuwar da ta karɓi haihuwar su ukun. Ɗantani ya ɗauke ta a mota, ya ratsa taɓon da babu direban da zai yarda ya shiga, har bakin rafi. Nan hanya ta ƙare, babu kwalbati. Haladu ya goya ta, ya shiga ruwa har ƙirji, ya haye da ita. A asibiti aka ce sai an sayo allurar dafi, Sambo ya sayar da babur ɗinsa nan take ya kawo.

Ta rayu, amma likita ya ce jinkirin hanya ya sa dole a yanke ƙafar.

Da ta dawo, ta sa aka ɗauke ta zuwa ƙofar mai gari, ranar da ake shawarar sabon karo-karo. Ba ta san abin da suka yi wa kwalbatin ba, kuma babu wanda ya iya gaya mata. Ta yi ta sa musu albarka a gaban jama'a, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan karon a ba ɗaya daga cikin 'ya'yan nan nawa amanar aikin. Na ga halinsu da idona."

Sambo ya sunkuyar da kai. Haladu ya shiga tonon ƙasa da yatsa. Ɗantani ya ja hula ya rufe fuska. Mu ma da muka ci shinkafar bikin, kowa ya kau da ido.

To, jama'a, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ya fara miƙewa ya faɗa wa Goggo gaskiya?