Kura Shugabar Masu Haƙar Rijiya

Ga wata nan gare ku.

Ta iso mu saurare ta.

Wata shekara tafkin daji ya ƙafe, ƙishirwa ta fara kashe 'ya'yan dabbobi. Zaki ya ce a haƙa rijiya, ya naɗa Kura shugabar aiki don ta fi kowa murya.

Kura ba ta tambayi kowa abin da ya iya ba, don a ganinta shugaba ba ya tambaya. Ta ba Zomo ɗaukar duwatsu, ta tura Raƙumi cikin rami. Gafiya kuwa, wadda haƙa ce sana'ar gidansu, sai aka miƙa mata mafici.

Gafiya ta ce, "Ranki ya daɗe, da kin bar ni na taɓa ƙasar nan."

Kura ta ce, "In kin shiga rami, wa zai yi mini fifita? Ke ba ki san wahalar shugabanci ba."

Kwana bakwai ramin bai kai gwiwar Raƙumi ba. Da Zaki ya zo dubawa, Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, ragwaye ka haɗa ni da su. Ji yadda muryata ta dushe."

Zaki ya ce, "Lallai kin sha aiki. Je ki huta, Gafiya ta riƙe miki."

Gafiya ta tambayi kowa abin da ya iya, ta ba shi, ita kuma ta shiga rami da kanta. Kwana uku sai ga ruwa.

Kura ce ta fara tsoma baki a guga. Ta ɗago tana lashe leɓe, ta ce, "Kun gani ko? Horon da na ba su ne."

Ƙurunƙus, na sauke ta a kan ɗan kusu.