Wayar da Ba a Taɓawa Ranar Asabar

An yi wani mutum a nan Germantown, ɗan Kumasi. Ba zan kama suna ba, don wasunku sun ci tuwo da shi. Aikinsa kula da wani tsohon Bayahude mai ciwon ƙafa. Albashi na isarsa, amma zuciyarsa kullum tana kan gobe. In aka kore ni fa? In tsohon ya rasu fa?

Shi tsohon, daga faɗuwar rana ta Juma'a har duhun Asabar ba ya aiki, ba ya kunna wuta, ba ya taɓa waya. Mutumin ya taɓa tambayarsa yadda ya yi shekara arba'in yana rufe shagon ɗinkinsa a ranar da ciniki ya fi kauri. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Kakanninmu a hamada, kowace safiya Allah ke saukar musu da abinci. Wanda ya ɓoye na gobe, tsutsa ya tarar a ciki. Yi aikinka, ɗana, amma ba hannunka ke ciyar da kai ba."

Ya 'yan uwa, me mutumin ya tsinta a wannan zance? Abu guda tak: ranar Asabar tsohon ba zai kira ofishin da ya turo shi aikin ya kai ƙararsa ba. Sai ya riƙa kwantar da shi bayan abincin rana, ya sulale ya je ɗaukar fasinja a motarsa.

Wata Asabar cunkoso ya riƙe shi awa uku a titin 270. Da ya iso ya tarar da ƙofa a buɗe, sandar tsohon yashe a banɗaki, ga jini a bakin baho. Ya duba ko'ina, babu tsohon. Ya ce shi ke nan, ya ɗauki alhakin rai.

Sai ga maƙwabciya, Glory, ta leƙo. Ta ce, "Kwantar da hankalinka, malam, yana raye. Shi da kansa ya kira motar asibiti."

"Yau Asabar fa!"

Ashe a addininsu ceton rai yana gaba da hutun Asabar. Ya haddace abin da aka hana tsohon, bai taɓa tambayar abin da aka umarce shi ba.

Ofis ya sallame shi, aka karɓe lasisinsa na aikin jinya. Aikin da yake tsoron rasawa, da hannunsa ya zubar. Amma ranar Litinin da ya shiga ɗakin asibiti ya ga tsohon zaune da ɗinki a goshi yana kurɓar shayi, wallahi kukan murna ya yi.

Tsohon ya dube shi ya ce, "Yanzu ba ka da na gobe. Yau ka ci abinci?"

"Na ci, Baba."

"To, ka gani."

Ya 'yan uwa, nema wajibi ne. Amma tsoron gobe in ya kai ka ga cin amana, ba ƙwazo ba ne, munana zato ne ga Mai ciyarwa. Allah ya kiyaye mu da wannan tsoro, ya sa na yau ya ishe mu. Amin.