Rijiyar Baƙo

A zamanin da giwaye ke ratsa dajin nan kamar yadda shanu ke bin burtali a yau, wani maharbi ya gangaro daga arewa da matarsa Tabawa, tana da tsohon ciki. Suka kafa bukka a bayan shingen Tungar Jatau, ƙauye mai rijiya ɗaya tak.

Mutanen tungar suna da wata al'ada. In rani ya tsananta, Jatau mai gari yakan zauna a bakin rijiya da hantsi yana kiran magidanta da sunayensu, wanda aka kira shi ke zura guga. Shi ya sa ba sa tambayar baƙo sunansa, don wanda ka san sunansa tilas ka kira shi. Wai ba mugunta ba ce, tsoron ƙishirwa ne. Ni dai ban ga bambancin ba.

Maharbin yakan kawo musu naman gada da barewa, su karɓa hannu bibbiyu, su ce, "Sannu da ƙoƙari, Baƙo." Kullum yana zuba kunne ko wani zai ce, wai yaya sunanka? Ba wanda ya tambaya. Shi kuwa ga zuciyar maharba, ba ya faɗin abin da ba a tambaye shi ba. Daga wani tafki mai nisan rabin yini suke ɗibar ruwa. Wata rana yana daji tulunsu ya ƙafe, Tabawa ta goya jaririnta ta kama hanya, ko arba'in ba ta yi ba. A hanyar dawowa ta faɗi, ba ta tashi ba. Yaron ya rayu, ita kuwa aka binne ta a gindin wata tsamiya.

Bayan shekara uku rijiyar tungar ta ƙafe ƙaf, mutane suka fara ɗaure kaya. A kwanakin ne maharbin ya yi kiciɓis da wata tsohuwar giwa mai haure ɗaya a busasshiyar ƙorama. Ya ɗana kibiya mai dafi. Giwar ta juyo ta dube shi, sai ya ji hannunsa ya mutu. An ce sau uku ta caka haurenta a cikin yashi, ta yi tafiyarta, ruwa ya biyo ramin.

Ya daɗe zaune yana kallon ruwan nan. Wallahi ransa ya raya masa ya yi shiru, su ma su ɗanɗana. Sai ya tuna matan tungar da ya gani da safe, tuluna a ka, sun bi hanyar da Tabawa ta bi. Ya tashi ya nufi gari.

Ya kai mutane wurin ramin, gaba uku suka haƙa, ruwa ya ɓalle. Jatau ya cire hularsa a gaban jama'a, ya ce, "Ɗan'uwa, mun zalunce ka. Faɗa mana sunanka, gobe kai za a fara kira."

Maharbin ya dubi wajen tsamiyar. "Ranka ya daɗe, mutum ɗaya ce ta san shi a ƙasar nan, kunyar miji ta hana ta faɗa, ga ta can kwance. Ku bar ni a Baƙon nan. Amma rijiyar nan ba a kiran suna a bakinta. Mai ƙishirwa ya sha."

Gari ya taso ya kewaye rijiyar. Har yau maroƙa na yi masa kirari: Baƙo na Tabawa, mai bin sawun giwa, gagara ƙishirwa! Zuriyarsa da sunan Baƙo suke amsawa, alhali babu gidan da ya kai nasu daɗewa a wurin. In matafiyi ya sauka, sai ya sha ruwa ya ƙoshi, sannan a tambaye shi sunansa, ba a yarda rana ta faɗi ba a tambaya ba.

Nasa sunan kuwa, ko ɗan da ya haifa bai taɓa jin sa ba.