Ƙarfen da Ya Gaji

Ku zauna ku yi shiru. Mai waya a hannu ya ajiye ta, don ba zan maimaita ba.

A wani gari akwai maƙeri Jatau, mai 'ya'ya uku: Mamuda, Sallau da ƙanwarsu Tabawa. Garin na da famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya. Ana tsakiyar rani wani ɗan ƙarfe mai kamar ƙugiya, wanda ke haɗa hannun famfon da sandar jawo ruwa, ya karye. Aka nemi irinsa a kasuwa aka ce an daina yi. Mata suka koma ɗibar ruwan kududdufi, yara suka fara gudawa. Jatau ya tsufa, ya daina ƙira. Ya tara 'ya'yansa ya ce, “Uwar maƙerar nan tawa da nake dukan ƙarfe a kai guda ce, ba ta rabuwa. Wanda ya dawo wa garin nan da ruwa, shi zan bar wa.”

Mamuda yana aiki a birni, inda ake da wata na'ura da ke zuba garin ƙarfe, ta narkar da shi da haske, ta ɗora wani a kai, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har abu ya fito. Ni ban yi boko ba, yadda aka gaya mini nake gaya muku. Ya auna karyayyen, ya fitar da sababbi guda huɗu da ƙarfen nan da ba ya tsatsa, irin na cokali. Aka dake su da guduma ko gezau. Aka ɗaura ɗaya, ruwa ya zo. Kwana goma sha tara ya karye. Ba wanda ya buge shi. Sama da ƙasa kawai, sama da ƙasa, har ya gaji. Ƙarfe na gajiya. Ku lanƙwasa cokali gaba da baya ku gani.

Sallau shi ne ya zauna a maƙera tun yana ƙarami. Ya ɗauki gutsuren ya duba, ya ce, “Yaya, na'urarku gaggawa gare ta. Nan ya narke, nan ya huce, ƙarfen ya fito cikinsa a ɗaure. Sai an mayar da shi wuta ya saki jiki.” Mamuda ya ce, “Wannan ba fartanya ba ce.” Sallau ya ce, “Fartanyata ba ta taɓa karyewa a kwana goma sha tara ba.” Sai dai shi ma bai san yawan wutar da wannan ƙarfe ke so ba. Cikin ukun da suka rage, ya zuga ɗaya har ya kusa yin fari. Ɗaya ya bar shi a ja mai duhu, ya daɗe a haka, sannan ya binne shi a toka ya huce a hankali. Na ukun bai taɓa shi ba. Ya ɗauki wanda ya fi shan wuta zai kai famfo, don a ganinsa shi ya fi dahuwa.

Tabawa mai injin markaɗe ce. Ta tare shi a ƙofa ta ce, “Yaya Sallau, idan wannan ya karye ya tafi da sandar cikin rijiya, wa zai shiga ya ciro?” Ita ta lura cewa tsagewar sabon nan da ya karye daga wani ɗan kaushi ta fara, don haka ta goge ukun da magagari har suka yi santsi. Ta ɗaura su a jikin injinta yadda zai riƙa jan su yana saki, ta bar shi yana aiki. Mata suka kai markaɗensu wani wuri, ba ta kula ba. Wanda bai shiga wuta ba ya tsage rana ta biyu. Wanda Sallau ya zaɓa ya yi laushi, ya lanƙwashe rana ta huɗu. Na cikin toka ya kai mako bai nuna komai ba. Shi aka ɗaura, kuma damina uku ke nan yana jan ruwa.

Ba don Mamuda ba, da babu ƙarfen ma. Wutar Sallau ce ta hana shi gajiya. Tabawa kuwa, da ta matsa daga ƙofar nan, da rijiyar ta haɗiye sandar gaba ɗaya. Jatau na kwance yanzu, ya ce kafin Juma'a yake so ya ambaci suna. Kada wani ya ce mini a raba, kuma kada in ji an ce mace ba ta gadon maƙera, don tsohon bai ce haka ba.

To, a cikin ukun nan, wa za a miƙa wa uwar maƙera?